Ƙafa Huɗu

"Sabuwar doka ta ce kowane shago ya bar ƙafa shida a gabansa don masu tafiya a ƙasa," in ji mai awo.

"Shida? Raƙuma za su bi?" in ji mai kanti. "Rubuta shida, ɗan'uwa, ka bar musu biyu."

Suka tafa, ambulan ta sauya aljihu.

Mai kanti ya turo bangonsa kusan bakin kwalta, ya ƙara kanta biyu. Kullum yana yi wa mai shagon tsallaken titi dariya, wanda ya rushe barandarsa ya bi doka. "Sakarai! Ya ba gari filinsa sadaka."

Kafin shekara ta zagayo, sababbin gidajen haya masu sauƙi suka cika unguwar da jama'a. Ma'aikata, masu goyo, tsofaffi da sandunansu, kowa a ƙasa yake tafe. Amma da sun iso gaban mai kanti sai hanya ta tsuke, madubin mota na gogar kafaɗa, sai su tsallaka.

"Ku shigo mana! Cizo nake yi?" Ya daka musu tsawa ran nan, madara na lalacewa a bayansa.

"Ta ina, maigida?" in ji matarsa. "Ni ma a karkace na kawo maka abincin nan."

Ya ja dogon tsaki, yana kallon cincirindo a tsallake.

Mai awo ya ci ya goge baki. Sakarai ya ci kasuwa. Mai kanti kuwa ya ci ƙafa huɗu, mutum dubu suka ɗauke masa ƙafa.