Dutsen Taimamar Babandi

Da hannu ɗaya Najiba ta so ɗauko wa kakanta dutsen taimamarsa, sai da ta haɗa da na biyu. Girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba, amma ya rinjaye ta.

Ta kai shi bakin taga. Baƙi ne mai sheƙi, farar jijiya ta ratsa shi, gefe ɗaya duk ya farfashe kamar an daɗe ana dukan wani abu da shi. Shekara huɗu ta yi tana karatun duwatsu a jami'a. Wulfaram ne, ma'adinin da ake ƙara wa ƙarfe tauri da shi.

"Angona, ina ka samo wannan?"

"A Mokola na tsince shi, amarya," in ji Babandi daga kan gado. "Miƙo min, azahar na wucewa."

Ba a tsintar wulfaram a Mokola, unguwa a tsakiyar Ibadan. Ta sani, domin aikin kammala karatunta a kansa ne, a kan wani ɗan ramin haƙa da ke Kogon Maje, can arewa. Ta zana taswirar wurin har ta haddace: tsauni guda, jijiyar farin dutse ta sauko a karkace daga samansa, ta ɓulla ta wata tsaga a gefen rafi.

Tarihin ramin gajere ne. Abokin karatunta Hanzala ya tono rahoton kamfanin a ɗakin adana takardu na Kaduna, ya turo mata hoton shafin farko. A daminar 1958 ruwa ya shiga, ramin ya rufta da ma'aikata huɗu. Mai gadin bakin rami, wanda aikinsa shi ne ya buga ƙarfe in ruwa ya taso, ya bar wurinsa, ya gudu, ba a sake ganinsa ba. Bayan kwana biyu ba a jin motsi, aka cike bakin ramin, aka yi wa mamatan salla.

A 1958 Babandi ya sauka Ibadan cikin motar shanu.

Daga nan abubuwan da ta saba gani suka fara yi mata wani iri. Fiye da shekara sittin yana unguwar Sabo, bai taɓa komawa arewa ba, ko gaisuwar mutuwa. In an yi rashi a unguwa yakan sallaci gawa, amma ba ya bin ta maƙabarta. Ba a rufe masa ƙofa. Yatsunsa a tanƙware suke, uku babu farce, ya ce dakon buhuna a kasuwar Bodija ne. Ga wasiyyar da ya bar wa babanta, wadda ta ɗaure wa kowa kai: in ya cika, kada a yi gaggawar kai shi.

Likita ya ce saura kwanaki. Najiba ta kasa cin abinci. In mutumin da ya goya ta shi ne mai gadin, to akwai gidaje huɗu da ya kamata ya nemi gafararsu tun yana numfashi, kuma ita kaɗai ta sani.

Ranar Laraba da hantsi, bayan mamanta ta fita kai wa masu saye fura, ta zauna a bakin gadon ta karanta masa shafin, tana fassarawa a hankali. Bai motsa ba, sai da ta zo kan kwana biyun nan.

"Ƙarya suka rubuta," ya ce, idonsa na kan rufi. "Ana bugawa. Har kwana biyar ana bugawa. Suna ji suka zuba ƙasar."

Ashe yana kusa. Ya ɓuya yana jin mutane na neman ceto, bai fito ba.

"Kaka," ta ce, ta ajiye wasan, "mutanen nan suna da iyali. Zan nemo su."

"Nemo su, amarya. Ukun dai."

Ya juya wa bango fuska, dutsen na rungume a ƙirjinsa. Ta ɗauka ruɗin ciwo ne ya sa ya rage ɗaya.

A tsakar gida ta kira Hanzala, ta ce ya taimaka ya koma ya ɗauko mata shafi na biyu, mai sunayen mamatan. Kafin la'asar wayarta ta yi ƙara. Ta buɗe hoton a tsaye, ta fara bin sunayen da yatsa tana ƙirga gidajen da za ta je.

Uku ba ta san su ba. Na huɗu, wanda aka rubuta cewa ƙasa ta binne shi yana ɗan shekara goma sha tara, shi ne Sammani Isiyaku, sunan yankan Babandi, tsohon da ke kwance a ɗaki ƙofa a buɗe.