Sufeton Kwano

Inna ta fasa ƙwai na ƙarshe a cikin kwanon, ta ci gaba da bugawa. Auta, ƙaramar 'yarta, tana tsaye a bakin ƙofar kicin tana kallo.

Gobe ne taron gida. Kowace shekara, idan ranar da Inna da Baba suka tare a gidan nan ta zagayo, 'ya'ya da jikoki kan hallara, a ci a sha, a rufe da kek ɗin lemo na Inna. Wanda ya makara bai samu yanka ba, sai ya yi wata guda yana mita. Bana ne za a yi na farko babu Baba.

Babban ɗanta kuwa, Yaya Babba, ya riga ya yanke hukunci: Inna ta fara rikicewa, za a kulle gidan a mai da ita wurinsa. Kuma yana da hujja. Tun rasuwar Baba, miyarta yau lami, gobe gishiri kamar da gayya. An tarar da ita tana shan madarar da ta lalace, hankalinta kwance. Ran nan tukunya ta ƙone a bayanta tana tsintar shinkafa, ba ta ankara ba sai da hayaƙi ya shiga idonta.

Auta ce ta roƙi arziki, don ta san raba Inna da gidan nan daidai yake da kashe ta. Ta ce a bari Inna ta yi kek ɗin. In ya fito kamar na da, a ƙyale ta a ɗakinta. Yaya ya amince, amma da ganin fuskarsa ka san ya riga ya gyara ɗakin baƙi.

Kujerar Baba na nan a gefen teburin girki. Sufeto yaran ke ce masa, saboda ba a taɓa ɗora tukunya a gidan nan bai zo duba aiki ba. Ko ina yake, lokacin girki na yi zai dawo. Abokansa sun yi masa tsiya har sun gaji, sun ce mijin-ta-ce ne, ko a jikinsa. Ranar kek kuwa abin ya fi muni. Zai tsoma yatsa a kwaɓin ya lasa, Inna ta kai masa duka da ludayi tana cewa kwaɗayi zai kashe shi. Shi kuma ya yi dariya, ya tura mata gwangwanin sukari ko ɓawon lemo da gwiwar hannu, kamar ba da niyya ba.

Idan an yanka, Inna ba ta cin nata. Sai ta miƙa wa jika, ta ce ita kallonsu ma ya ƙosar da ita.

Yanzu ga ta ta gama bugu. Ba tare da ta ɗaga kai ba, ta tura kwanon zuwa hagu, wajen kujerar, ta tsaya tana jira. Can ta tuna. Ta janyo kwanon a hankali. Hannunta ya yi wajen sukari, ya dawo, ya yi wajen lemo, ya tsaya a tsakiya.

A nan ne warin ya iso hancin Auta. Botar da Inna ta zuba ta daɗe da lalacewa, kuma ga Inna tsaye a kanta ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Ashe dai Yaya ne ke da gaskiya.

Inna ta juyo ta gan ta.

"Zo ki zauna a kujerar babanki," ta ce. "Sa yatsa."

Auta ta zauna, ta tsoma yatsa, ta lasa. Da ƙyar ta haɗiye.

"Ya yi daɗi, Inna."

Inna ta daɗe tana kallon fuskarta.

"Shi bai taɓa yi mini ƙarya ba," ta ce.

Hawaye ya zubo wa Auta. "Inna, botar ce. Ba ki ji warinta ba?"

Inna ta ajiye ludayin, ta goge hannu a zaninta, ta dafa bayan kujerar.

"Hankalina lafiya lau, 'yar nan. Babanki ne ya ce ba sai kowa ya sani ba. Tun zazzaɓin da na yi bayan haihuwarki ban sake jin ɗanɗano ko ƙamshin komai ba. Shi ne yake ɗanɗana mini."