Warin Ɗan Kunnen Gado

Tun da ka rantse ba za ka taka ƙofar ƙanenka ba sai shi ya fara tako taka, gyara zama in ba ka misali.

An yi wasu mata biyu, ya da ƙanwa, uwarsu ta rasu ta bar 'yan kunne irin na mutanen da, baƙaƙe masu faɗi, an dasa musu siririn zaren ƙarfe mai ruwan zinariya, ya yi rassa da furanni. Kowa a gidan ya ɗauka zinariya ce. Ranar rabon gado babbar ta ce nata ne don ita ce babba, ƙaramar ta ce ai ita ta yi jinya. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kawunsu ya gaji ya ba kowacce wari ɗaya. Babbar ta ƙulle nata a bakin zane, ta ce ko mutuwa ƙanwar ta yi kada wanda ya zo ya gaya mata. Mutane kuwa sun san ta da kafiya, sai suka daina ambaton sunan a gabanta. Shekaru suka tura. Mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse birane, ta rage ita kaɗai tana tuƙa tuwo a 'yar tukunya, ta ci rabi ta rufe rabi. Kewar ƙanwarta na cin ta, amma girman kai ya hana ta faɗa. Wari ɗaya kuma ba ya sawuwa, sai dai ta ciro ta goge ta mayar.

Ran wata kasuwa ta kai shi wurin wani tsohon maƙerin farin ƙarfe, ba don ta sayar ba, so take ta ji darajar abin da ya raba ta da 'yar'uwarta. Maƙeri ya goga gefensa a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, wurin ya yi kore. Ya ce tagulla ce. Aikin dai na gwani ne, an tsaga ƙarfen an kwantar da zaren da haƙuri, yanzu ba mai yin irinsa, amma wari ɗaya ko kyauta ba mai so. Sai ya sake ƙura masa ido, ya jawo wani gwangwani, ya zazzage, ga ɗaya warin. Ya ce bara wata mata ta kawo, tana dogara sanda, da ganin ta ba lafiya. Da ta ji tagulla ce ta yi dariya har da hawaye, ta ce ya ajiye, wata rana mai taurin kai za ta zo da ɗayan, ya haɗa mata, ya kuma ce mata ƙofar gidanta tana nan inda ta san ta.

Tsohuwa ba ta koma gida ba, daga nan tasha ta nufa. Ta isa garin ƙanwarta ta tarar an yi sadakar arba'in tun kafin girbi. Ba wanda ya aiko mata, don ita ta hana. 'Yar marigayiyar ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa da ladabi, ba ta ma san ta ba, ta ce, "Baba, daga ina?" Haka tsohuwa ta dawo ɗakinta, ta sa 'yan kunnen duka biyu, ta zauna bakin gado. Sun yi mata kyau ƙwarai, sai dai babu mai gaya mata.

Ka duba, duk su biyun ƙafa ta kai su wurin maƙeri, ba wadda ta ƙara gaba kaɗan tun da sauran lokaci. Shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.