Harafin da Renato Ya Koya

"Sake rubutawa," in ji Chizuru, tana tura wa Renato tawada. "A wannan harafin, ɓangaren da ke nufin 'mace' ake fara ja."

Renato ya sake ɗaukar alƙalami. A Brazil aka haife shi. Yana jin Japananci, amma rubutun ya gagare shi.

Yayanta Noboru ya leƙo, ya tuntsire da dariya. "Leburan gona kike koya wa rubutu? Harafin mene ne?"

"Na suruki, Yaya."

"To ki aure shi, ku tattara ku ba mu wuri. Dama ke baƙuwa ce a gidan nan. Gonar shayin gidanmu na Kuramochi ta ɗa namiji ce."

Abin da ya faɗa mata ke nan gaban dangi ranar jana'izar mahaifiyarsu. Daga baya ya tumbuke itatuwan shayin da marigayiyar ta dasa, ya yi wurin ajiye motoci, mahaifinsu na kallo. Chizuru ba ta manta ba. Murmushi kawai ta yi.

Ranar bikin auren Chizuru da Renato, mahaifinta ya miƙe, ya ɗaga harafin da Renato ya rubuta.

"Yadda kakana ya shigo gidan nan yana suruki ya zama ɗa, haka na karɓi surukina a matsayin ɗa. Daga yau sunansa Kuramochi. Shi ne magajin gona."

Kofi ya suɓuce daga hannun Noboru.

Chizuru ta durƙusa cikin ladabi, ta tsiyaya masa wani shayin.

"Sha, Yaya. A gidanmu ba ma barin baƙo ya tafi da ƙishi."