Mai Goge Babin Ƙarshe

Ku gafarci ƙarfin halina, wannan ne rubutuna na farko.

"Auta, ya sake tsayawa," in ji Baba. "Ana dab da kama ɓarawon kuma!"

Tunda idon Baba ya yi rauni, 'yarsa Auta ke sauke masa karatun tsofaffin littattafai a waya yana saurare. Sau huɗu ke nan babin ƙarshe na ɓacewa, dole ta ajiye aikinta ta ɗauko littafin ta karanta masa.

Ta tare yayanta. "Kai ke gogewa don ka zuba waƙoƙinka!"

"Wannan tsohuwar wayar? Ko kyauta ba na so!"

Ta zargi mai gyaran waya, har ta daina gaishe shi.

Ran nan ta sauke sabon littafi, ta yi masa sallama kamar za ta fita, ta laɓe bayan labule. Baba ya kasa kunne. Da ya ji shiru, ya kai wayar dab da hancinsa, ya lalubo babin ƙarshe ya goge. Sannan ya jawo kujerarta kusa da tasa, ya share ta da hannun riga.

Auta ta cire takalmanta, ta sulale ta tafi ɗauko littafin.