Nauyin Kaka Tabawa

Shekara uku ke nan da aka fara yi wa duk macen da al'ada ta ɗauke mata allurar ƙarfafa ƙashi. Kaka Tabawa ta karɓi tata, bayanta ya miƙe.

Ranar Talata na raka ta bakin kogi a Yauri, za ta haye yi wa autarta Larai wankan jego. Ɗanlami mai kwale-kwale ya dubi tsayuwarta, ya gicciya sandar tuƙi.

"Iya, an yi miki allurar?"

"An yi mana."

"Ki yi haƙuri. Masu allura in suka faɗa ruwa ba sa tasowa. Biyu muka nema bara, har yau ba mu gan su ba."

Kaka ta harare shi.

"Kai, yaro! Ina iyo a kogin nan uwarka ba ta yi haƙori ba."

Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kwale-kwalen. Bakin jirgin ya nutse har ruwa ya kwararo ciki.

Ta janye ƙafar a hankali, ta miƙo mini ƙullin kanwa da yaji.

"Hansai, kin iya wankan jego?"

Ni da ban san komai ba sai littafi. Jirgin ya tashi da ni.