Layi Na Bakwai

Tun da aka kafa dokar awon ido, duk yaron da ya kasa karanta layi na bakwai a allon asibiti, rugar duban nesa ake kai shi. Can zai shekara biyu yana kallon tsaunuka don idonsa ya gyaru, ba littafi, ba waya, ba iyaye.

Kubura ta san 'yarta Zulai ba za ta iya ba. Ai ita ta riƙa danƙa mata waya tun tana rarrafe, don ta bar ta ta yi ɗinki. Shi ya sa ta lallaɓa mai sharar asibitin ya kwafo mata haruffan, ta yi wata guda tana biya wa yarinyar har ta haddace.

Ranar awo, Zulai ta zubo layi na bakwai ba gargada.

"Masha Allah, Hajiya, idon 'yarki garau yake," in ji ma'aikaciyar awon, ta buga wa takardar Zulai hatimi. "Sai bayan shekara uku kuma. Jira ta a waje."

Kubura ta tsaya gindin darbejiya, taku goma daga ƙofa, tana ɗaga hannu. Zulai ta fito, ta ƙanƙance ido, ta dubi nan ta dubi can, sannan ta ruga ta rungume wata mata mai shuɗin mayafi irin na uwarta.

"Umma, na yi daidai ko? Ban manta ko ɗaya ba!"

Kubura ta sauke hannunta a hankali.